Wane faci ne a cikin kwamfutar nan? Yadda ake sa Windows ta lissafo sabuntawarta

Yawancin kwamfutocin da ke aiki a unguwannin Nima, Maamobi da Sabon Zango na Accra ba sababbi ba ne. Sun yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka, suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, suka biyo ta hannun 'yan kasuwar Circle, sannan suka iso ɗakin kwamfuta na makaranta, ko shagon buga takardu, ko teburin mai sayar da magani. Mai saye yakan duba girman ma'adana, ya gwada batir, ya tabbatar allo bai tsage ba. Da wuya ka ji ya tambayi yaushe rabon Windows ɗin ciki da sabuntawa. In ma ya tambaya, amsar ba ta wuce "Alhaji, komai na ciki sabo ne." Alhali kwamfutar da kanta tana iya ba da amsa, in an san yadda ake tambayarta.

Idan kwamfuta ɗaya ce, sai mutum ya shiga saitin Windows ya duba tarihin sabuntawa da idonsa. Idan ashirin ce a makaranta, ko goma a asibitin unguwa, hanyar nan ba ta ɓillewa. Za ka ga yaron shago yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoton allo da waya, a ƙarshe a rasa wane hoto ne na wace kwamfuta. Maganin wannan shi ne rubutaccen umarni, wato ɗan fayil mai layuka kaɗan da ake sawa a filash, a soka a kowace kwamfuta, ya tambaye ta, ya rubuta amsar a wuri ɗaya. Rubuta shi ba wuya. Wuyar tana wajen sanin inda za a tambaya, domin Windows ba ta da jeri guda da ya ƙunshi komai, kuma kowane wurin da ka tambaya amsarsa daban.

Tun watan Oktoban 2003 kamfanin Microsoft yake fitar da facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ɓaraka a Windows, a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma a agogon Accra yakan fito wajen ƙarfe biyar ko shida na yamma. Kowane faci yana da lambarsa da ke farawa da KB. Wannan lambar ce masu gyara suke nema idan an ce wata ɓaraka ta ɓulla.

Umarnin da kowa ya fara koya shi ne na PowerShell, manhajar Windows da ake buga umarni a ciki:

Get-HotFix | Select-Object HotFixID, Description, InstalledOn | Export-Csv jeri.csv -NoTypeInformation

Layi ɗaya ne, yana gamawa cikin 'yan daƙiƙu, ya bar maka fayil da Excel ke buɗewa. Tsofaffin masu sana'ar sun fi sabawa da wmic qfe list, kuma duka biyun daga tushe ɗaya suke ɗebowa, wato sashen da ake kira Win32_QuickFixEngineering. Sai dai Microsoft ya sanar da yin watsi da wmic tun a Windows 10 sigar 21H1, kuma Windows 11 sigar 24H2 ba ta zuwa da shi a kunne. Duk wanda yake da tsohon rubutu da ya dogara da shi, gara ya sauya tun bai tsaya masa a gaban mai kaya ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan jerin ba ya nuna komai. Takardun Microsoft da kansu sun faɗa cewa tun daga Windows Vista, abin da ya shigo ta sashen da ke hidimar gaɓoɓin Windows, wanda ake taƙaitawa CBS, shi kaɗai yake bayyana a ciki. Facin Office ba ya fitowa. Sabbin direbobin na'ura, wato manhajojin da ke tafiyar da sassanta, ba sa fitowa. Bayanan da Defender ke saukewa don gane sabbin ƙwayoyin cuta, su ma babu. Saboda haka mai gyara zai iya ganin layuka shida ko goma a kwamfutar da ta shekara uku tana aiki, ya ɗauka an yi sakaci da ita, alhali lafiyarta ƙalau.

Dalilin gajartar jerin yana da muhimmanci, don a nan ne ake yawan yin kuskure. A zamanin Windows XP da farkon Windows 7, kowane faci zaman kansa yake yi. Jerin yakan kai ɗaruruwa, kuma idan ba ka ga lambar da kake nema ba, to ba ta ciki. Windows 10 da ta fito a 2015 ta zo da wani tsari: facin kowane wata yana haɗiye duk na baya, ya maye gurbinsu. A watan Oktoban 2016 aka mayar da Windows 7 da 8.1 kan irin wannan tsari. Daga nan rashin ganin lamba a jeri ya daina zama hujja.

An ga illar rashin fahimtar wannan a watan Mayun 2017. Ranar 12 ga watan, cutar WannaCry mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta bazu, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ɓarakar da ta bi ta shiga, Microsoft ya riga ya toshe ta tun 14 ga Maris, a sanarwar MS17-010. Ga Windows 7 lambobin su ne KB4012212 da KB4012215. Masu kula da kwamfutoci suka yi ta rubuta umarni suna neman waɗannan lambobi biyu, wasu ba su gansu ba, hankali ya tashi. Kwamfutocin nasu kuwa da dama sun riga sun karɓi dunƙulen watan Afrilu, KB4015549, ko na Mayu, KB4019264, waɗanda suka ƙunshi gyaran na Maris. Rubutun da ke neman lamba ɗaya tak yakan tayar da hankali a banza. Mafi muni, yakan kwantar da hankali a banza, idan ya ga tsohuwar lambar ya ce komai daidai, alhali an shekara ba a ƙara komai a kanta ba.

Wuri na biyu da ake tambaya shi ne tarihin da Windows Update ke ajiyewa:

$zama = New-Object -ComObject Microsoft.Update.Session
$mai = $zama.CreateUpdateSearcher()
$adadi = $mai.GetTotalHistoryCount()
$mai.QueryHistory(0, $adadi) | Select-Object Date, Title, ResultCode

Wannan ya fi na farko yalwa. Za ka ga direbobi, ka ga KB890830 mai share miyagun manhajoji da ke zuwa wata-wata, ka ga KB2267602 na Defender ya maimaitu har ya cika shafi, don kusan kullum ake sabunta shi. Bambancin jerin biyu kamar na littafin mai kanti ne da kayan da ke kan kanta: littafi yana faɗin abin da aka shigo da shi da ranar da ya zo, kanta tana nuna abin da ke nan yanzu. Tarihin nan yana rubuta kowane yunƙuri, har da wanda bai yi nasara ba, shi ya sa ba a barin ResultCode a baya. Lamba 2 tana nufin an gama lafiya, 3 an gama amma da 'yar matsala, 4 ya gaza, 5 an katse. A garin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, layukan 4 da 5 su ne suka fi ba da labari. Idan lamba ɗaya ta gaza sau huɗu a jere, kwamfutar tana ƙoƙari ne wani abu yana tare ta, sau da yawa cikar ma'adana ko yankewar intanet. Rubutun da ya kwaso sunaye kawai ya zubar da wannan lambar zai lissafa faci huɗu da babu ko ɗaya a ciki.

Tarihin yana da rauninsa. Yana zaune ne a foldar SoftwareDistribution da ke cikin C:\Windows, kuma dabarar da kusan kowane mai gyara ya sani idan sabuntawa ta maƙale ita ce goge wannan folda ko sauya mata suna. Dabarar tana aiki, amma tarihin yana tafiya tare da ita. Facin da aka sa suna nan daram, shaidarsu ce ta ɓace. Dole rubutun ya yi tanadin wannan, ya duba ko adadin sifili ne kafin ya nemi tarihi, in ba haka ba sai ya tsaya da jan rubutu a allo. Wani abin sauƙi gare mu a Ghana shi ne, lokutan da ke cikin tarihin nan da agogon GMT ake rubuta su, wanda shi ne agogonmu duk shekara. 'Yan'uwanmu na Kano da Yamai sai sun ƙara awa ɗaya.

Akwai wuri na uku, umarnin dism /online /get-packages, wanda ke buƙatar izinin mai iko da kwamfuta. Yana nuna halin kowane ƙunshi, wanda ke aiki, wanda aka maye gurbinsa, da wanda ke jiran a sake kunna na'ura. Jerinsa dogo ne, sunayen ba su da daɗin karantawa, don haka na fi ajiye shi sai an shiga binciken kwamfutar da ta rikice.

A ganina, duk wanda zai rubuta irin wannan umarni a yau, abin da ya kamata ya fara kamawa shi ne lambar zubin Windows, wadda ake gani idan an buga winver. Kashi biyu ce da ɗigo a tsakani. Na hagu yana faɗin siga: 19045 shi ne Windows 10 sigar 22H2, 22631 Windows 11 sigar 23H2, 26100 kuma sigar 24H2. Na dama yana ƙaruwa duk lokacin da dunƙulen wata ya shiga. Tunda kowane dunƙule yana ɗauke da na baya, wannan lambar ita kaɗai ta isa ta gaya maka watan da kwamfuta ta tsaya. Microsoft yana wallafa tarihin sabuntawar kowace siga tare da lambar zubin da kowane faci ke kaiwa, sai ka gwada da taka. Goge folda ba ya taɓa ta, ɓatan agogo ba ya taɓa ta. Ga yadda ake haɗa ta da sauran abin da ake buƙata a Windows 10 da 11:

$r = Get-ItemProperty "HKLM:\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion"
$zubi = $r.CurrentBuild + "." + $r.UBR
$bios = Get-CimInstance Win32_BIOS
$lamba = $bios.SerialNumber
$yau = Get-Date -Format yyyy-MM-dd
$s = New-Object -ComObject Microsoft.Update.SystemInfo
$jira = $s.RebootRequired
"$lamba,$env:COMPUTERNAME,$yau,$zubi,$jira" | Add-Content "$PSScriptRoot\rahoto.csv"

Kowane layi a nan akwai abin da ya jawo shi. A rajistar da layin farko ke karantawa, wato kundin saitin Windows, akwai gurbi mai suna ProductName, kuma da gangan na bar shi. A kwamfutar da ke kan Windows 11, gurbin nan har yanzu Windows 10 yake faɗa. Lambar zubi ce ke raba gardama: daga 22000 zuwa sama, Windows 11 ce.

Lambar jikin na'ura kuwa, wadda layi na uku da na huɗu ke ɗaukowa, ta shiga ne saboda yadda ake shirya kwamfutoci a kasuwarmu. Dila ya sauke guda talatin iri ɗaya, ba zai zauna ya zuba wa kowace Windows daga farko ba. Zai shirya ɗaya, ya kwafe ma'adanarta zuwa sauran. Sakamakon haka duka talatin ɗin suna ɗaya suke amsawa, tarihin sabuntawarsu ma na uwar da aka kwafo ne. Na taɓa tsayawa a ɗakin kwamfutar wata makaranta a Maamobi ana wannan aikin. Yaron mai gyara ya gama zagaye da filash, ya buɗe rahoton, ya ɗago kai ya ce, "Maigida, duk layukan suna ɗaya ne, kamar kwamfuta ɗaya na yi ta sokawa." Maigidan ya leƙo ya ce, "Duba lambar jiki, ita ba a kwafe ta." Da aka jera su da lambar jiki, sai ga shi wasu suna kan facin watan da ya wuce, wasu kuwa ba su motsa daga inda dila ya bar su ba. Waɗanda suka tsaya ɗin su ne na layin baya, inda wayar intanet ba ta kai ba. Kwamfutocin da aka harhaɗa da hannu wani lokaci ba su da lambar jiki ta gaske, sai ka ga an rubuta Default string a gurbin. Irin waɗannan sai a rubuta musu lamba da alƙalami a jikin akwatin, a sauya musu suna ya dace da ita.

Batun kwanan wata ma sai an yi hattara. Tsarin da wmic ke bi na Amurka ne, wata kafin rana, mu kuwa rana muke farawa da ita. Abin da ya rubuta 3/4/2024 yana nufin 4 ga Maris, Excel ɗin da aka saita wa Ghana zai karanta shi 3 ga Afrilu, ba tare da ya yi gargaɗi ba. Shi ya sa a rubutun na sa shekara, wata, rana, tsarin da ba ya rikicewa kuma yake jeruwa daidai. Sannan akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan babu wuta. A tsofaffin na'urori yawanci ya mutu. Wuta ta ɗauke, agogo ya koma shekarun baya, duk facin da ya shiga kafin a gyara shi sai ya ɗauki kwanan da ba nasa ba. Idan ka ga rahoto ya ce an sabunta Windows 10 a shekarar da ba a ma ƙirƙire ta ba, batirin nan za ka sauya, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Layin RebootRequired shi ne ke kama facin da ya sauka amma bai fara aiki ba. Mai shago zai rantse yana kashe kwamfutarsa kowane dare, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai Windows tana da tsarin kunnawa da sauri wanda ke sa kashewa ta zama rabin barci, kuma Microsoft ya bayyana cewa wasu sabuntawar ba sa kammaluwa sai an zaɓi sake kunnawa. Idan gurbin nan ya ce True, facin yana cikin ma'adana amma ƙofar da ya zo toshewa tana buɗe.

Wajen kunna rubutun, Windows ta gida ba ta yarda fayil ɗin PowerShell ya yi aiki haka kawai. Ba sai an sauya saitin kwamfutar mutane ba, ana iya ba da izini na wannan karon kaɗai da powershell -ExecutionPolicy Bypass -File sannan sunan fayil ɗin. A manyan ofisoshi da kwamfutoci ke haɗe ƙarƙashin iko ɗaya, ana tura umarnin daga kujera guda da Invoke-Command. A zango, filash da ƙafa sun fi saurin kai ka. Amma filash da ke yawo daga wannan na'ura zuwa waccan ita ma hanyar ɗaukar cuta ce, don haka a ware guda ɗaya don wannan aikin, a riƙa duba ta. Kuma kada mutum ya kunna rubutun da aka turo masa ta WhatsApp bai karanta layukansa ba. Wanda na kawo a sama karatu kawai yake yi, ba ya sauya komai a kwamfuta in ban da fayil ɗin rahoton da yake rubutawa a inda yake zaune.

Duk wannan jerin abin da ke ciki ne. Abin da ya rage ba a sa ba, tambaya ce daban. Mai binciken nan na Windows Update da muka nemi tarihi da shi yana amsa ta idan aka ba shi sharaɗin IsInstalled=0, amma sai da intanet. A nan ne kuɗin data ke shigowa, wanda shi ne ainihin abin da ya sa mutanenmu ke toshe sabuntawa. Dunƙulen wata yakan kai ɗaruruwan megabait, wani ya haura gigabait, kuma mai shagon da ke raba intanet daga wayarsa ba zai so a cinye masa data a dare ɗaya ba. Wasu sukan dakatar da ita, abin da Windows ke yarda da shi har kwana 35, wasu su kashe hidimar Windows Update, wato wuauserv, ɗungurungum. Ban ga laifin mai tsoron kuɗinsa ba, amma akwai mafita. Da zarar rahoto ya nuna kwamfutoci goma suna kan siga ɗaya, sai a sauke facin sau ɗaya daga shafin Microsoft Update Catalog, a zagaya da shi a filash. Data ɗaya ta yi aikin goma.

Masu Linux da Apple nasu ya fi sauƙi. A Ubuntu tarihin yana cikin /var/log/apt/history.log, a dangin Fedora umarnin dnf history yana nuna shi, a kwamfutar Apple kuma softwareupdate --history.

Ga masu riƙe bayanan mutane, abin ya wuce son rai. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, Act 843, ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a nauyin ɗaukar matakan tsare su, sannan dokar tsaron intanet ta 2020, Act 1038, ta kafa hukumar da ke sa ido a wannan fanni. Makarantar da ke ajiye sunayen ɗalibai da lambobin iyaye, da asibitin da ke ajiye tarihin marasa lafiya, duk suna cikin masu riƙe irin waɗannan bayanai. Rahoton wata-wata mai ɗauke da lambar na'ura, kwanan wata da lambar zubi shaida ce da za a iya nunawa idan an tambaya. Shi ya sa rubutun yake ƙara layi a ƙasan na baya maimakon goge shi, kuma lokacin da ya fi dacewa a zagaya shi ne mako guda bayan Talatar faci.

Akwai lamba ɗaya da ya kamata kowane mai wannan aiki ya haddace: 19045.6456. Ita ce zubin da KB5066791 ya kai Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya rufe tallafin gama-gari ga wannan manhaja, kamar yadda ya rufe na Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020. Kwamfutar da ta tsaya a wannan lambar za ta iya cewa babu sabon abin da take jira, kuma mai ita ya ji daɗi, alhali dalilin shi ne an daina aiko mata. Shirin ƙarin tallafi na ESU ga masu amfanin gida a lokacin an tsara shi ne zuwa 13 ga Oktoban 2026, kuma sai wanda ya yi rajista. Hawa Windows 11 kuma yana buƙatar sashen tsaro na cikin na'ura mai suna TPM 2.0 da, a ɓangaren Intel, masarrafi na ƙarni na takwas zuwa sama, abin da na'urori da yawa da ke kan teburan Circle ba su kai ba. Saboda haka a ƙara wa rahoton gurbi ɗaya na sunan masarrafi, wanda Get-CimInstance Win32_Processor ke bayarwa. Da shi shugaban makaranta zai raba kwamfutocinsa kashi uku: waɗanda za su hau Windows 11, waɗanda za a mayar Linux don koyar da yara rubutu da lissafi, da waɗanda za a cire daga intanet a bar su suna buga takardu kawai.